Faɗuwar sukari a jini: alamominta da yadda ake tayar da ita da ƙwayar sukari uku

Faɗuwar sukari, wadda likitoci ke rubutawa « hypoglycémie » a cikin karne, ita ce lokacin da sukarin da ke cikin jinin mutum ya yi ƙasa da gram 0,70 a lita. Ta fi samun masu ciwon sukari da ke yin allurar insulin ko suke shan wasu ƙwayoyi masu rage sukari. Hawan sukari yakan ɗauki shekaru kafin ya ɓata ido, ƙoda ko ƙafa, amma faɗuwarsa cikin mintoci kaɗan take iya kai mutum ƙasa. Maganinta na farko yana nan a kowane shagon unguwa: ƙwaya uku ta sukarin kwali, wato kimanin gram 15, sannan a jira minti 15 a sake awo. Abin da ke kawo cikas shi ne, a gidaje da yawa an riga an ɗauka cewa sukari guba ne ga mai wannan ciwo, sai a hana shi a ranar da ransa ya dogara da shi.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

Tuwo, shinkafa, burodi, hura da duk wani abinci mai sitaci, in sun narke a hanji, suna komawa wani nau'in sukari da ake kira gulukos. Shi ne man da jiki ke aiki da shi. Sai dai wanda ke yawo a cikin jinin babban mutum a lokaci guda bai wuce gram 4 zuwa 5 ba, wato kusan nauyin ƙwayar sukari ɗaya. Ƙwaƙwalwa kuwa ita kaɗai tana cin kimanin gram 120 a kwana guda, kuma ba ta da rumbun da take ajiyewa. Dole jini ya riƙa kai mata kowane minti. Da an samu tsaiko, ita ce ke fara jin jiki.

Ga mai lafiya, jiki da kansa yake daidaita wannan. In sukari ya fara sauka, pankireyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi, sai ta rage fitar da insulin, ta saki wani sinadari mai suna gulukagon wanda ke sa hanta ta fito da abin da ta ajiye. Hantar babban mutum tana riƙe da ajiyar da ta kai kusan gram 100. Shi ya sa mai lafiya zai wuni bai ci komai ba, sukarinsa bai faɗi ba.

Wanda ya yi allurar insulin ya rasa wannan gata. Insulin ɗin da ya shiga ƙarƙashin fata ba ya dawowa: zai ci gaba da kwashe sukari daga jini, ko an ci abinci ko ba a ci ba. Tun shekarar 1922, da aka fara yi wa marasa lafiya allurar insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada, likitoci suka san cewa maganin da ke ceton rai yana tafe da wannan haɗari.

Lambobin da na'ura ke nunawa

A Nijar an fi faɗin awon sukari da gram a lita, kamar yadda ake yi a ƙasashe masu amfani da Faransanci. Amma na'urorin awo da ke hannun mutane daga wurare dabam-dabam suka fito, wasu daga farmasi, wasu daga Kano, wasu tsarabar ƴan uwa ce daga waje. Wata na'urar za ta nuna 70, wata 0,70, wata kuma 3,9. Duk ukun abu ɗaya suke nufi: miligram 70 a desilita, gram 0,70 a lita, ko milimol 3,9 a lita. Wajibi ne mai na'ura da mutanen gidansa su san wanne ne tasu take nunawa, domin wanda ya ga 3,9 ya zaci gram ne zai ɗauka sukari ya hau sosai, alhali faɗuwa ya yi.

Likitoci sun kasa faɗuwar sukari mataki uku. Na farko shi ne daga 0,70 zuwa 0,54: mutum yana cikin hayyacinsa, zai iya taimakon kansa. Na biyu shi ne ƙasa da 0,54, inda ƙwaƙwalwa ke fara rikicewa. Na uku ba a auna shi da lamba: shi ne duk lokacin da mutum ya kasa taimakon kansa sai wani ya kawo masa ɗauki. In na'ura ta rubuta « LO », to sukarin ya yi ƙasa da abin da take iya karantawa, lamarin gaggawa ne.

Magungunan da ke jawo ta

Ba kowane mai ciwon sukari ne ke cikin wannan haɗari daidai da kowa ba. Waɗanda ta fi samu kashi biyu ne. Na farko masu allurar insulin, irin su Actrapid, Insulatard da Mixtard. Na biyu masu shan ƙwayoyin da ke matsa wa pankireyas ta fitar da insulin, wato glibenclamide, wanda aka fi sani da Daonil, da gliclazide ko Diamicron, da glimépiride ko Amarel. Mai shan metformine, wato Glucophage, ita kaɗai ba tare da waɗannan ba, da wuya sukarinsa ya faɗi. Don haka abu na farko da ya kamata iyali su sani shi ne sunan maganin da ɗan uwansu ke amfani da shi.

Sanadin da aka fi gani shi ne a yi allura ko a sha ƙwaya, sannan abinci ya makara ko a ci kaɗan. Actrapid ana yin sa kimanin minti 30 kafin cin abinci; in aka yi allurar sannan aka tafi jana'iza ko aka tsaya dogon layi, insulin ba zai jira ba. Sauran dalilan sun haɗa da:

- aikin ƙarfi da ba a saba ba, kamar noma, ɗaukar kaya, daka ko doguwar tafiya a ƙasa; tasirinsa yakan kai har cikin dare;
- kuskuren yawan magani, ko maimaita shi saboda mantuwa;
- amfani da sirinjin da bai dace da kwalbar insulin ba: in aka ɗebi insulin mai lamba U-100 da sirinji mai lamba U-40, abin da zai shiga jiki ya ninka wanda aka nufa sau biyu da rabi;
- ciwon ƙoda, domin magani yana daɗewa a jiki bai fita ba;
- amai, zawo ko zazzaɓin da ya hana cin abinci;
- zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, da kuma maganin kinin, waɗanda kowannensu yana saukar da sukari da kansa;
- shan barasa, wadda ke hana hanta sakin sukari, musamman in ba a ci abinci ba;
- haɗa saiwa ko sassaƙe da maganin asibiti ba tare da likita ya sani ba.

Zafin bazara ma yana da nasa hannu. In jiki ya ɗau zafi, jini yana yawaita a fata, insulin ɗin da aka yi sai ya fi saurin shiga jini.

Alamomi

Alamomin farko jiki ne ke buga ƙararrawa: zufa mai sanyi ko da ba a cikin rana ba, makyarkyatar hannu, bugun zuciya da sauri, yunwa mai tsanani da ta zo farat ɗaya, kasala, jiri, ciwon kai, da jin kamar kiyashi na yawo a leɓe.

In ba a yi komai ba, sai na ƙwaƙwalwa su biyo baya. Gani ya dushe ko ya rabu biyu, harshe ya yi nauyi, magana ta daina haɗuwa, tafiya ta zama tangaɗi. Mutum mai haƙuri sai a ga ya hau faɗa ba dalili, ko ya yi shiru ya ƙura wa wuri ɗaya ido. Daga nan sai jijjiga irin ta farfaɗiya, sai suma. A wannan mataki ne mutane suke kuskuren fahimta: a kasuwa ko tasha a ce ya sha wani abu, a gida a ce iska ce ta buge shi, a tafi neman mai ruƙiyya ko hayaƙi, lokaci yana ƙurewa. Wani lokaci ma ɓarin jiki ɗaya yakan mutu kamar na mai shanyewar jiki, ya dawo daidai da zarar sukari ya tashi. Duk mai ciwon sukari da halinsa ya canza farat ɗaya, a fara zargin faɗuwar sukari kafin komai.

Akwai waɗanda ba sa jin alamomin farko. Wannan yakan samu wanda ya daɗe da ciwon, ko wanda sukarinsa ke yawan faɗuwa har jikinsa ya saba. Wasu magungunan hawan jini da na zuciya, kamar propranolol da aténolol, suna ɓoye makyarkyata da bugun zuciya, sai zufa kaɗai ta rage. Irin waɗannan mutane suna buƙatar yawaita awo, kuma na kusa da su ne idonsu.

Ƙa'idar 15 da 15

In mutum yana cikin hayyacinsa kuma yana iya haɗiya, ga yadda ake yi:

1. Ya dakatar da abin da yake yi, ya zauna. In yana tuƙi, ya sauka gefen hanya ya kashe mota ko babur.
2. In na'ura tana kusa, a auna. In babu, ko tsinken awo ya ƙare, kada a jira: a ba shi sukari. Ƙwaya uku ba za ta cutar da wanda sukarinsa ke sama ba, amma rashinta na iya halaka wanda nasa ya faɗi.
3. Ya sha gram 15 na sukari mai saurin shiga jini.
4. A jira minti 15, yana zaune, sannan a sake awo.
5. In har yanzu yana ƙasa da 0,70, ko alamomi ba su tafi ba, a ƙara wani gram 15.
6. In an yi haka sau uku bai tashi ba, a kai shi asibiti.

Jiran minti 15 ɗin nan shi ne ya fi wuya. Sukarin da aka sha yana buƙatar minti 10 zuwa 15 kafin a ga tasirinsa a jini, amma yunwa da tsoro suna sa mutum ya yi ta ci ba ƙaƙƙautawa. Wanda ya shanye kwalba biyu ta lemo ya bi da kwanon shinkafa zai tarar bayan awa biyu sukarinsa ya haura gram 3, ya fita daga wata matsala ya faɗa wata.

Abin da ya kai gram 15

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa sau ɗaya:

- ƙwaya uku ta sukarin kwali, domin kowace ƙwaya tana da kimanin gram 5; a tauna ko a narkar a ruwa kaɗan;
- babban cokali ɗaya na garin sukari, ko ƙananan cokulan shayi uku zuwa huɗu;
- babban cokali ɗaya na zuma;
- santilita 15 na lemon kwalba mai sukari irin Coca-Cola, wato kusan rabin ƙaramar kwalba ko rabin gwangwani;
- rabin kofi na ruwan ƴaƴan itace na kwali;
- ƙwayoyin gulukos na farmasi, gwargwadon abin da aka rubuta a jikin kwalinsu;
- alawa ko minti mai sukari guda uku zuwa huɗu, a tauna.

Dabino uku matsakaita ma suna da kusan gram 15. Sun fi sukarin kwali jinkiri kaɗan saboda ɓawonsu da namansu, amma in su ne a hannu, a yi amfani da su. Haka soɓo ko lemun citta na leda da shayi mai sukari: suna tayar da sukari, sai dai ba wanda ya san adadin da mai haɗawa ya zuba, don haka a sha kaɗan a auna.

Ga yaro, likitocin yara masu aiki da tsarin Faransa suna lissafa ƙwayar sukari ɗaya ga kowane kilo 20 na nauyinsa. Yaro mai kilo 20 ƙwaya ɗaya, mai kilo 40 ƙwaya biyu. Jaririn da bai cika shekara ɗaya ba ba a ba shi zuma.

Abin da ba ya aiki da sauri

Mai da kitse suna riƙe abinci a tumbi, su jinkirta shigar sukari cikin jini. Saboda haka cakulan, ƙosai, fanke, biskit mai mai, gyaɗa da ƙuli-ƙuli ba su dace da matakin farko ba. Nama, kilishi da ƙwai ba su da sukarin da za su bayar. Tuwo, dambu da burodi suna da shi, amma sai sun narke, kuma mai faɗuwar sukari ba shi da wannan lokacin. Lemon da aka rubuta wa « Zero » ko « Light », da ƙwayoyin zaƙi da ake sayar wa masu ciwon sukari don shayi, zaƙi kawai gare su a baki, ba sa tayar da komai.

Akwai togaciya ɗaya da ya kamata a sani. Maganin acarbose, wanda ake sayarwa da sunan Glucor, aikinsa shi ne hana sukarin gida da sitaci narkewa da wuri a hanji. Wanda ke shan sa tare da insulin ko Daonil, in sukarinsa ya faɗi, sukarin kwali ba zai yi masa saurin da ake so ba. Shi gulukos tsantsa na farmasi ya kamata ya riƙa ajiyewa.

Bayan sukari ya tashi

Sukari mai saurin shiga yana da saurin ƙarewa, maganin da ya jawo faɗuwar kuma yana nan yana aiki. In lokacin cin abinci ya yi, a ci. In saura fiye da awa ɗaya, a ci wani abu mai riƙe ciki: yankan burodi, ludayin hura ko koko, ko ɗan tuwo. In faɗuwar ta zo daf da lokacin allura, a fara tayar da sukarin tukuna, sannan a yi allura a ci abinci. Kada tsoro ya sa a daina insulin gaba ɗaya. Ga mai nau'in ciwo na ɗaya, barin insulin na kwana ɗaya ko biyu yana iya kai shi doguwar suma ta wata hanyar.

Sannan a rubuta a karne: rana, lokaci, lambar da na'ura ta nuna, abin da aka ci da aikin da aka yi kafin nan. In faɗuwar ta maimaitu a mako guda, ko ta zo a lokaci iri ɗaya, alama ce maganin ya yi yawa ko lokacinsa bai dace da cin abincin gidan ba. Likita ne zai gyara, kuma wannan rubutun ne zai nuna masa inda gyaran yake.

In mutum ya suma

Nan ƙa'ida ta sauya. Wanda ya suma, ko yake jijjiga, ko ya kasa haɗiya, ba a ɗura masa komai a baki: ba ruwan sukari, ba lemo, ba rubutu, ba madara. Ruwan zai sarƙe shi ya gangara huhu. Ba a cusa masa cokali ko yatsa tsakanin haƙora. Kuma ko kusa kada a yi masa allurar insulin da zaton sukari ne ya hau.

A kwantar da shi a gefensa, a ɗan ɗaga haɓarsa don numfashi ya samu hanya, a kwance masa abin da ya matse wuya, a nemi mota zuwa asibiti ko cibiyar CSI mafi kusa nan take. A manyan garuruwa ana kiran ƴan kwana-kwana a lamba 18. A tafi da karne da kwalayen magungunansa, a faɗa wa malaman asibiti tun daga ƙofa cewa mai ciwon sukari ne.

In gidan suna da allurar gulukagon kuma an koya wa wani yadda ake yi, a yi masa a cinya: miligram 1 ga babba, rabin haka ga yaron da bai kai kilo 25 ba. Yakan farfaɗo cikin minti 10 zuwa 15, wani lokaci da amai, shi ya sa ake barinsa kwance a gefe. Wannan allura ta masu insulin ce. Ba a dogara da ita ga wanda Daonil ya kayar, kuma ba ta aiki sosai ga wanda hantarsa ta ƙare ajiya saboda doguwar yunwa ko barasa.

Inda asibiti ke da nisa, akwai wata dabara ta kan hanya. Binciken da aka yi kan yara a Bobo-Julaso ta Burkina Faso, wanda aka wallafa a 2005, da wani a Sikaso ta Mali a 2008, sun nuna cewa ƙaramin cokali na garin sukari da aka jiƙa da ɗigon ruwa, aka sa ƙarƙashin harshe, yana tayar da sukarin jini. Ana yin haka ne mutum yana kwance a gefensa, kaɗan-kaɗan, ba ruwa-ruwa ba, kuma ana cikin tafiya. Ba ya maye gurbin zuwa asibiti.

A asibiti ana ba da gulukos mai kauri ta jijiya, wanda malaman asibiti ke kira G30, a bi shi da ƙarin ruwa mai sukari. Sau da yawa mutum yakan buɗe ido cikin mintoci. Amma farfaɗowar kada ta ruɗi iyali su nemi sallama da wuri. Glibenclamide yana daɗewa a jiki, musamman ga tsoho ko mai ciwon ƙoda, kuma sukari yana iya sake faɗuwa bayan awoyi, har kwana ɗaya ko biyu. Irin wannan mara lafiya ana riƙe shi ne a sa masa ido.

Azumi

A Nijar azumin wuni yana kai awa 13 zuwa 14, kuma faɗuwar sukari ta fi zuwa daga azahar zuwa gab da shan ruwa. Wani babban bincike mai suna EPIDIAR, da aka gudanar a ƙasashe 13 a azumin 2001, ya gano cewa faɗuwar sukari mai tsanani ta ninka fiye da sau huɗu ga masu nau'in ciwo na ɗaya, ta ninka fiye da sau bakwai ga masu nau'i na biyu.

Ƙa'idar da ƙungiyar masu yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta fitar tare da ƙwararru kan azumi ita ce: in awo ya nuna ƙasa da 0,70, ko sama da gram 3, ko alamomin faɗuwa suka bayyana, a karya azumin nan take, ko da saura minti goma a kira magariba. Huda yatsa don awo ba ya karya azumi. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Sharja a 2009, ta kasa masu ciwon sukari gida huɗu, ta kuma yanke cewa waɗanda likita ya tabbatar azumi zai jefa su cikin babban haɗari su sha. Wanda ya yi niyyar azumi ya ga likitansa makonni kafin watan ya kama don a sauya masa yawan magani da lokacinsa, ya jinkirta sahur, kuma kada ya rabu da sukari a aljihu da rana.

Dare, tuƙi da wurin aiki

Faɗuwar dare tana da haɗari domin mutum yana barci. Alamunta su ne zufar da ta jiƙa shimfiɗa, mugun mafarki, sambatu, ko tashi da safe da ciwon kai da gajiya. Insulatard ɗin da aka yi da yamma ƙarfinsa yakan kai ƙololuwa a tsakiyar dare. Mai irin wannan allura ya auna kafin ya kwanta, musamman ranar da ya yi aikin ƙarfi, ya ajiye sukari kusa da matashinsa, kuma wanda suke ɗaki ɗaya ya san abin da zai yi.

Direban mota, ɗan kabu-kabu, magini a kan bene, mai aiki da injin niƙa ko mai shiga rijiya, faɗuwar sukarinsu ba su kaɗai take shafa ba. Mai insulin ya auna kafin ya kama hanya; in awo bai kai 0,90 ba, ya ci wani abu tukuna. A doguwar tafiya irin ta Yamai zuwa Damagaram ya riƙa awo kowace awa biyu. Hukumar lasisin tuƙi ta Birtaniya tana umartar direban da sukarinsa ya faɗi ya jira minti 45 bayan ya dawo daidai kafin ya sake tayar da mota, domin ƙwaƙwalwa tana jinkirin dawowa fiye da lambar na'ura.

Yaro mai ciwon sukari a lakwal ko makarantar allo yana buƙatar malaminsa ya sani, ya ƙyale shi ya ci sukari ko a tsakiyar darasi. Ƙaramin yaro ba zai iya faɗin abin da yake ji ba. Sai dai a ga ya yi fari fat, ya yi lamo, ko ya hau kukan da ba a san dalilinsa ba. Tsofaffi kuwa, faɗuwa ɗaya na iya jawo musu karaya ko rikicewar bugun zuciya, shi ya sa likitoci ba sa matsa wa sukarinsu ya sauka ƙwarai kamar na matasa.

Shirin da ake yi tun kafin ta zo

Ƙwaya shida ta sukari a ƙulle cikin leda, wato abin da zai isa sau biyu, ita ce guzurin duk mai insulin ko Daonil: ɗaya ƙulli a aljihu ko jaka, ɗaya a shago ko ofis, ɗaya a mota, ɗaya a ɗakin kwana. Sukarin kwali ya fi alawa da cakulan jure zafin Afrilu, ba ya narkewa kuma ba ya lalacewa. Tsinken awo kuwa zafi da danshi suna ɓata shi, don haka a bar shi cikin kwalbarsa a rufe, nesa da rana.

Yana da kyau mutum ya riƙa yawo da ƴar takarda a aljihu, da Faransanci da Hausa, mai ɗauke da sunan ciwonsa, maganin da yake amfani da shi da lambar wani ɗan uwa. Ɓoye ciwon saboda kunya ko gudun surutun mutane yana da tsada, domin ranar da mutum ya rikice ba shi ne zai yi wa kansa bayani ba. Matar gida, manyan ƴaƴa, abokin shago da maƙwabcin sahu a masallaci, kowannensu ya san abu uku: alamomin, inda sukarin yake, da kuma cewa ba a ɗura wa wanda ya suma komai a baki.